Tambayi Mai Hoto: Bidiyon da ke tsayawa, katin da ke cin amana

Assalamu alaikum masu karatu. Daga shagona na Sabon Gari a nan Damagaram nake rubuto amsoshin wannan wata, ƙofa a saye saboda ƙura. Saƙonni sun fi na kullum yawa, ba kuwa abin mamaki ba ne: kowa na son a ɗaura aure kafin azumi, duk mai kyamara a garin nan yana da aiki. Tun ina yaron shago, zamanin da muke ba direban Kano fim ya kai wanki mu zauna jira, nake cikin wannan sana'a, kuma mafi yawan kyamarorin da ake kawo mini da sunan sun lalace lafiyarsu lau. Ko kati ne, ko ƙura, ko zafi, ko wani saiti da hannu ya taɓa ba a sani ba. Na zaɓi tambayoyin da amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya.

Tambaya: Baba mai hoto, barka da aiki. Ina da Canon 600D da na saya ta hannu. Ranar Asabar ina ɗaukar walimar aure, malam na tsakiyar nasiha ga ango, sai bidiyo ya tsaya da kansa. Ban lura ba sai da aka shafa fatiha. Karo na uku ke nan. Ko tsufa ta yi? Daga wani matashi mai ɗaukar biki, Garin Malam.

Amsa: Ɗana, ba ka faɗi minti nawa take yi kafin ta tsaya ba, alhali amsar tana cikin wannan lissafin. Ka kunna ta a ɗaki, ka ajiye agogo a gabanta, ka ga inda za ta yanke.

In ta tsaya wajen minti 11 zuwa 12, ba ta da wani ciwo. Wannan kyamara tana cin kamar mega 330 a kowane minti in tana ɗaukar babban bidiyo, kuma da fayil ɗaya ya cika giga 4 sai ta dakata. Haka aka ƙera ta. Waɗanda suka biyo bayanta su kan buɗe sabon fayil su ci gaba, taka kuwa sai ka sake dannawa da hannunka. Maganinsa ido a kan lokacin da ke gudu a allo. Da ka ga minti 10 ya cika, ka jira malam ya ja numfashi ko jama'a su ce amin, ka tsayar ka sake kunnawa nan take. Daƙiƙa biyu za ka rasa, ba rabin nasiha ba.

Wasu kyamarorin kuma a minti 29 da daƙiƙa 59 suke tsayawa cak. Wannan ma ba lalacewa ba ce. Kwastan na Tarayyar Turai ne ya kasance yana ɗora haraji na dabam a kan duk na'urar da ke ɗaukar bidiyo na minti 30 ko fiye a jere, sai kamfanoni suka yanke daƙiƙa ɗaya don su kauce masa. Dokar can ce, amma ta biyo kyamarorin har kasuwarmu.

In kuwa bayan ƴan daƙiƙoƙi take tsayawa, ka ga wani ɗan tsani yana cika a gefen dama na allo, to kati ne ya kasa haɗiye abin da ake ɗura masa. Ka duba fuskar katin. Lamba 10 a cikin da'ira tana nufin mega 10 a daƙiƙa, ta kuwa ishe kyamararka. Masu ɗaukar 4K, bidiyon da ya fi naka girma, su nemi mai U3 ko V30, wato mega 30 a daƙiƙa.

Sai zafi, wanda shi ne ke gabanmu. Yawancin kyamarori an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, ka kuwa san abin da watan Afrilu da Mayu suke yi mana a nan. Alamar ma'aunin zafi fara za ta fara fitowa a allo, in ta koma ja, ta kusa kashe kanta. Ka tsaya ƙarƙashin rumfa, ka janye allon daga jikinta don iska ta ratsa, ka kashe ta duk lokacin da ba a komai. Kada ka bar ta a rana a kan ƙafa-uku kana cin abinci, kada kuma ka kulle ta ko baturanta a ƙarƙashin kujerar babur. Baturin da ya fara kumburi, ka rabu da shi ranar.

Tambaya: Kawu, ina cikin tashin hankali. Ni nake ɗaukar ɓangaren mata a bukukuwa, sa lalle da kamu da buɗar kai. Na sayi sabon kati mai giga 64, na yi kwana uku ina aiki da shi. Da na sa a kwamfuta sunayen hotunan duk suna nan, amma na rana ta farko kaɗai ke buɗewa. Uwar amarya tana ta kirana. Me zan yi? Daga wata mai hoto, Birni.

Amsa: Ƴata, na karanta saƙonki sau biyu, don na taɓa tsayawa inda kike tsaye. Kafin komai, ki cire katin daga kyamara, ki tura ɗan makullin da ke gefensa ƙasa, kada ki ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da shi. In kwamfuta ta ce a goge shi a gyara, ki ce a'a.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da katin jabu. Ga yadda ake yin sa: a ɗauki ƙaramin kati, a ce mai giga 8, a sauya abin da yake faɗa wa na'ura, sai ya riƙa cewa shi 64 ne. A manna masa takarda mai sunan babban kamfani. Kina ɗauka yana amsa sunan kowane hoto yana rubutawa a jerinsa, amma da cikinsa na gaskiya ya cika, sauran ko su bi iska ko su hau kan na farko. Shi ya sa kike ganin suna ba ki ganin hoto.

Ba zan ɓoye miki ba, in haka ne, abin da bai samu wurin zama a katin ba babu mai iya dawo da shi. Duk wanda ya ce ki ba shi jika goma zai fito miki da su, ki riƙe kuɗinki. Amma kada ki yanke ƙauna tukuna, don kati na gaske ma jerin sunayensa kan rikice, musamman in an zare shi fitilar kyamara tana ƙiftawa, ko batur ya mutu ana tsakiyar rubutu. A irin wannan hotunan suna nan kwance. Akwai manhajoji na kyauta, PhotoRec da Recuva, masu bin kati lungu-lungu suna tsinto abin da ya ɓace. Ki sa katin a kwamfuta ta hanyar na'urar karanta kati, kuma duk abin da aka tsinto a ajiye shi a kwamfutar, ba a kan katin ba. Hotuna sun fi saurin dawowa. Bidiyo ya kan warwatsu gunduwa-gunduwa a cikin kati, wani ya dawo cikakke, wani ya dawo ba ya buɗewa. Wannan hanyar ita ce kuma ta wanda ya goge kati bisa kuskure, muddin bai ɗora sabon aiki a kai ba.

Nawa ya faru ne a shekarun farko da na bar fim. Suna ne a wata unguwa nan cikin gari, ɗan fari, kakan jaririn ya taso tun daga ƙauye da sanda a hannu. Na sayi kati a wata rumfa da safiyar ranar saboda ya fi na ko'ina araha. Na ɗauki tsohon riƙe da jikansa, na gani a allo, hoton ya yi kyau ƙwarai. Da dare babu shi. Tsohon bai ƙara wata shida a duniya ba, uban yaron kuma ya zo shagona yana tambaya ko akwai ko guda ɗaya. Har yau in na haɗu da shi a masallacin Juma'a nauyinsa nake ji. Araha ba ta ado, na ji ta a jikina.

Tun daga ranar ba na fita aiki da katin da ban gwada ba. Akwai ƴar manhaja mai suna H2testw, tana cika kati fal sannan ta karanta ta faɗi gaskiyar abin da ya ɗauka. In ba ki da ita, ki ɗura masa bidiyoyi daga kwamfuta har ya cika, ki zare ki mayar, ki buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Na kuma fi son kati uku masu giga 32 a kan ɗaya mai 128: kowace rana da katinta, in ɗaya ya ci amana ba duk bikin ya tafi ba. Da dare in kwashe aikin ranar zuwa wuri biyu kafin in kwanta. Sai na tabbata an kwashe nake goge kati, kuma a cikin kyamarar da za ta yi aiki da shi nake gogewa, a wurin da aka rubuta Format ko Formater, ba a kwamfuta ba.

Wani abu kuma da ya shafi kowa: in za ki kai kati wurin masu wankin hoto ko kwamfutar wani, ki rufe makullin nan tukuna. Akwai cutar kwamfuta mai ɓoye fayil ta bar gajerun alamu a madadinsu, ta razana mutane da yawa alhali hotunansu ɓoye su kawai aka yi.

Ita kuwa uwar amarya, kada ki ƙi ɗaukar wayarta. Ki je gida ki gaishe ta, ki faɗa mata gaskiya. Ƙawayen amarya sun ɗauka da wayoyinsu, ki bi ki tattaro. Ki roƙi amarya ta sake sa kayanta tun lallen bai goge ba, ki ɗauke ta kyauta. Ba zai zama kamar na ranar ba, amma za su ga ba ki ɗauki abin da wasa ba.

Tambaya: Malam, yayana ya aiko mini da kyamara daga Amurka. Da rana bidiyo tas, amma da dare a ɗakin taro sai wasu layuka masu duhu su riƙa gangarowa, hasken kuma yana rawa. Wani ya ce sensa ce ta ƙone. Daga wani ɗalibi, Jami'ar André Salifou.

Amsa: Ƙanena, sensa ita ce ɗan farantin da hoto ke sauka a kai cikin kyamara, kuma wadda ta ƙone ba ta warkewa da rana ta koma ciwo da dare. Matsalar tana tsakanin wutarmu da saitin kyamarar. Lantarkin Nijar, kamar na Najeriya da Faransa, yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwan fitila kuma yana ƙiftawa sau 100 ba tare da ido ya gani ba. Na Amurka sau 60 ne. Kyamararka ta zo a saitin can, tana ɗaukar hoto 30 ko 60 a daƙiƙa, sai takunta da na fitilar ɗakin suka saɓa. Wannan saɓanin ne kake gani yana gangarowa.

Ka shiga menu ka nemi tsarin bidiyo, ka sauya daga NTSC zuwa PAL, ka zaɓi 25 ko 50. Sannan ka tsayar da saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Ka gwada a ɗakin kafin mutane su taru. In wuta ta ɗauke aka tada gurup, wato janareta, layukan kan iya dawowa, don ƙaramin gurup ba ya riƙe 50 daidai, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Haka ƙananan fitilun ado masu launi da ake jerawa a bayan kujerar ango da amarya. A nan ka riƙa matsa saurin shota kaɗan-kaɗan kana duban allo har ka samu inda layukan suka fi lafawa, ko ka haska fuskar mai magana da fitilar bidiyo mai batur, wadda ba ruwanta da wutar ɗakin.

Tambaya: Maigida, duk lokacin da na ɗauki iyalina da tsakar rana, shaddata fara tana fita, amma fuskokinmu sun yi duhu har ba a gane ido. Yarana sun ce in sa manhajar da ke haska fata. Mene ne shawararka? Daga wani Alhaji, Zango.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ma'aunin hasken kyamara ba shi da wayo. Duk abin da aka nuna masa so yake ya mai da shi ruwan toka, ba fari ba baƙi ba. Da ya ga farar shadda ta cika hoto, ga bango mai haske a baya, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage. Shadda ta dusashe, fuska kuma ta nutse.

Akwai maɓalli mai alamar ƙari da ragi. Ka danna shi ka kai +1, ka ɗauka ka duba. Sai dai ka lura da aikin wuyan riga, in ka wuce gona da iri zaren ɗinkin zai ɓace cikin fari, kuma mun san abin da aka biya maɗinki. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne wurin tsayuwa. Rana tsaka tana zubo haske daga sama, hula da goshi su jefa inuwa a kan ido. Ku shiga inuwar bedi ko bakin zaure, fuska tana duban fili, bayanku kuma ya zama wuri mai ɗan duhu. In dole sai a rana, ku ba ta baya, a ɗaga ƙaramin filashin kyamara ko da rana ce, shi zai cike inuwar fuska. Ni bayan la'asar na fi so, lokacin da haske ya yi taushi ya kwanta a kan jar ƙasar ginin Birni.

Manhajar haska fata kuwa, ban ba ka shawararta ba. Ana kawo mini hoton amare a ce in buga, in duba in ga yarinyar da na sani tun tana goye ta koma wata dabam, hannu baƙi fuska fara kamar an shafa alli. Nan da shekara ashirin ɗanta zai nemi kamannin uwarsa a wannan hoton. Baƙar fata in ta samu haske daidai tana da sheƙin da babu manhajar da ke iya ƙirƙira shi. Aikin mai hoto ya nemo wannan hasken.

Tambaya: Malam, wasu ɗigo-ɗigo baƙaƙe suna fitowa a sararin samaniya cikin hotunana, kullum a wuri ɗaya. Na goge lensi har na gaji. Daga wani malamin makaranta, Tanut.

Amsa: Mushe, ka bar lensi ya huta, ƙurar tana ciki a kan sensa. Wanda ke zaune Tanut a watannin hunturu ba zai tsira daga wannan ba. Don ka tabbatar, ka rufe idon lensi zuwa f/22, ka ɗauki sama ko farin bango, ka faɗaɗa hoton. Za su fito ɓaro-ɓaro. Wanda ka gani a saman hoto yana ƙasan sensa, don a kife hoto yake sauka a kanta.

Ka fara da sharar da kyamara ke yi da kanta, tana cikin menu. In bai fita ba, ka cika batur fal, ka shiga ɗakin da aka yayyafa wa ruwa ƙura ta kwanta, ka kashe fanka, ka zaɓi shara da hannu don madubi ya ɗage. Ka kifa bakin kyamara ƙasa, ka busa da ƴar robar busa iska ta masu hoto, ba tare da bakinta ya taɓa komai ba. Cikar batur ba wasa ba ce: in ya mutu kana ciki, labulen shota zai rufe a kan abin da ke hannunka. Kada ka hura da baki, yawu ya fi ƙura wuyar fita. Kada ka kai wa mai faci ya sa mata iskar taya. Kada gefen rawani ko auduga su shiga wurin. Abin da ya ƙi busa, na mai gyara ne da ke da sandar gogewa da ruwanta.

Sauya lensi kuma a ɗaki ko cikin mota, kyamara a kashe, baki a ƙasa. Masu ƙananan kyamarori da lensinsu ke fita ya koma, yashi ne ya kan maƙale shi har allo ya rubuta kuskuren lensi. Kada a tura shi da ƙarfi, haƙoran cikin na roba ne.

Ga wasu gajeru da ba su buƙatar dogon bayani.

Mai Nikon D3200 daga Matamaye da ya sayi lensi 50mm mai harafin D ya ce ba ya kama saiti da kansa: lensin lafiya lau yake. Irinsa yana jiran injin da ke jikin kyamara ya juya shi, D3200 kuwa ba ta da wannan injin. Ko ka juya da hannu, ko ka musanya da mai alamar AF-S.

Hajiyar da ta ce komai dishi-dishi take gani a tagar leƙe amma hoton yana fita garau: akwai ɗan ƙaramin gare-gare a gefen tagar, an yi shi don ƙarfin idon mai ɗauka. Ki juya shi har lambobin da ke ciki su fito sarai.

Mai situdiyo daga Magarya da rabin hotonsa ke yin baƙi in ya sa filashi: saurin shota ya wuce abin da filashi ke iya bi. Ka sauko zuwa 1/200 ko ƙasa.

Wanda Canon ɗinsa ke rubuta Err 01: kyamara da lensi ne ba su jin juna. Ka kashe, ka cire lensi, ka goge ƴan ƙarafan nan masu ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai tsabta, ka mayar har ka ji ya ce ƙas.

Masu kukan hoto ya lalace bayan an tura ta WhatsApp: matse shi take yi. In don bugawa ne, a tura shi a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba.

Tambaya: Baba, bara na je hawan sallah a ƙofar fada, duk dawakin da na ɗauka a guje sun fito kamar hayaƙi. Ina son bana in gyara. Daga wani yaro mai koyon hoto, Kara-Kara.

Amsa: Ɗana, madalla da ka tambaya tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka bar saitin nan mai koriyar alama da kyamara ke zaɓar komai da kanta. Ka juya zuwa Tv in Canon ce, S in Nikon ko Sony ce, ka sa saurin shota a 1/1000. Doki a sukuwa ba ya tsayuwa a ƙasa da haka. Ƴan kokawa a filin Langa-Langa 1/500 ta kan ishe su. In rana ta yi sanyi hoto ya fara duhu, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin sensa na jin haske, zuwa 800 ko 1600. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana iya bugawa, wanda ya zama hayaƙi ba a iya komai da shi.

Saitin kama abu ma ka sauya shi zuwa mai bin motsi, AI Servo ko AF-C. Ka ɗora ɗigon saiti na tsakiya a ƙirjin mahayi tun yana nesa, ka danna maɓallin ɗauka rabi, ka bi shi, sannan ka saki hotuna a jere in ya matso. Ka je bakin titi ka koya da ƴan kabu-kabu har hannunka ya saba. Ranar hawa ka fita da lensi ɗaya, ka lulluɓe kyamara da ƙyalle in ba ka ɗauka, ka tsaya inda dogarai suka ce a tsaya. Na ga mai hoto da ido a tagar leƙe ya ɗauka doki na nesa, alhali ya iso.

Tambaya: Malam, kakata ta haura tamanin, ta san tarihin gidanmu da waƙoƙin daka da na niƙa da yanzu ba mai yi. Na ɗauke ta bidiyo a tsakar gida, hoto ya yi kyau, amma muryar ba a ji, sai hugun iska da kukan awaki. Daga wani jika, Mirriya.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan tunani, ya ƙara wa Iya lafiya. Makirfon da ke jikin kyamara ɗan mitsitsi ne, abin da ya fi kusa da shi yake ji: iska, numfashinka, har ƙarar lensi in yana neman saiti. Muryar tsohuwa daga taku biyar ba za ta iya da su ba. Sirrin sauti kusanci ne, ba tsadar na'ura ba.

In kyamararka tana da ƙaramin ramin makirfo, ka nemi irin na maƙalawa a wuyan riga, ka maƙala mata kamar tazarar tafin hannu daga haɓa, inda mayafi ba zai riƙa gogarsa ba. In babu, wayarka ta isa. Ka kashe mata kira, ka kunna rikoda, ka ajiye a kan matashi dab da ita, inda ba za ta fito a hoto ba. Bayan ka kunna duka biyun ka tafa sau ɗaya, da wannan tafin za a haɗa sauti da hoto a kwamfuta. In kana iya saita ƙarfin sauti da hannu, ka bar ma'aunin yana kaiwa wajen -12 in ta ɗaga murya. Wannan ya shafi masu ɗaukar biki ma: wanda ya tsaya gaban lasifika ko bakin algaita ya bar ma'auni ya bugi ƙarshe, sautin ya fashe ke nan, ba ya gyaruwa.

Ka shigar da ita ɗakinta, ta zauna kusa da ƙofa haske yana zuwa ta gefe. Katifa da labule da tabarma suna shanye amsa-kuwwa. A kashe fanka da rediyo, a ba awaki abinci can nesa. Da hantsi ya fi, bayan ta karya, kafin gajiya ta zo. Ka ɗauki minti ɗaya ka saurara da abin kunne kafin ka ci gaba. Kada ka wuce rabin awa a zama ɗaya, gara ka dawo gobe. Ka sa wata jikarta da ta saba hira da ita ta zauna gefen kyamara tana tambaya, don Iya ta riƙa duban mutum ba gilashi ba. In ta zo kan waƙar daka, a kawo mata turmi da taɓarya ko da ba za ta iya ɗagawa ba, wata ta daka ita ta bi da baki, a nan baitocin da ta manta za su dawo mata. Da ka gama ka kwashe a wuri biyu, ka ba wani ɗan'uwa kwafi ɗaya ya ajiye a gidansa. Mirriya ba nisa, in haɗa sautin ya gagare ka, ka shigo da shi shago ranar Alhamis in ka zo cin kasuwar Dole, mu zauna mu haɗa tare.